Sunan da ya ɓace ba tare da kowa ya goge shi ba

Akwai wata amsa da duk wanda ya taɓa tsayawa layin taki ko na tallafi a Zamfara ta Yamma ya haddace: "Sunanka bai fito ba." Mai faɗinta yakan juyo da fuskar kwamfuta domin manomi ya gani da idonsa, ko da kuwa bai yi boko ba, sannan ya ƙara da cewa matsalar sabis ce, ko kuma daga sama ne. Manomin ya yi rajista, an ɗauki hotonsa, an karɓi lambar wayarsa da ta katin ɗan ƙasa, bara ma ya karɓa. Bana babu shi. In ya matsa da tambayar wanda ya cire shi, sai a yi tsit. Abin da ya fi ciwo shi ne mai yiwuwa akawun gaskiya yake faɗi, babu hannun da ya goge sunan. Faɗuwa ya yi a hanya, tsakanin fom ɗin da aka gyara a intanet da babbar kwamfutar da ke ajiye jerin, wadda 'yan fasaha ke kira saba, ni kuma zan kira ta rumbu.

Ina da ja da magina manhaja, da kuma hukumomi da ƙungiyoyin da ke ba su kwangila. Hanyar da aka fi sauƙin bi wajen aika jerin da aka gyara ita ce a kwashi jerin gaba ɗaya a tura, rumbu ya share tsohon ya ɗora sabon. A ajin koyon kwamfuta, inda jerin na littattafai goma ne, wannan ba ya cutar da kowa. In jerin na mutane ne, kuma abincin shekara ya rataya a kansa, hanya ce ta zalunci marar mai shi. Wanda ya gina ta da saninsa ya yi sakaci, wanda ya karɓe ta bai gwada ba ya yi sakaci biyu.

Mutanen Talata Mafara da Bakura da Maradun sun fi kowa sanin nauyin jerin sunaye. A tsakiyar shekarun 1970 aka fara gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan kogin Sakkwato, kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ya yi aikin, aka kammala ta a 1978. Ruwa ya cinye gonaki da garuruwa, aka tashi dubban mutane. A ƙasan madatsar kuma aka karɓe gonakin da aka gada kaka da kakanni domin a baje su, a yanka magudanai, sannan a sake rabawa. Dukan rikicin da ya biyo baya a kan tambayoyi uku ya tsaya: wace gona ce ta wa, nawa ne diyyarta da ta itatuwan da ke cikinta, kuma wane fili za a mayar wa mai ita. Amsar kowacce tana cikin takardar da wani ma'aikaci ya rubuta. Manoma suka ga an yi damina bayan damina ba su yi shuka ba, diyya ba ta iso kamar yadda aka alkawarta ba, suka tare hanyoyin aikin. A ƙarshen watan Afrilun 1980, zamanin Gwamna Shehu Kangiwa a tsohuwar Jihar Sakkwato, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka afka musu. Gwamnati ta ambaci adadi kaɗan na waɗanda suka mutu, 'yan adawa da masu bincike suka ce ɗaruruwa ne. Hatta jerin matattun ma ba a taɓa yarda a kansa ba.

Na kawo wannan ne domin mai karatu ya san irin ƙasar da ake shigo da fom ɗin intanet cikinta. Tun daga shirin takin waya na 2012, lokacin da Akinwumi Adesina ke ministan noma, inda manomin da ke cikin rajista ke samun buhu biyu a rabin farashi, zuwa bashin manoman shinkafa da aka ƙaddamar a Kabi a Nuwamban 2015, zuwa shirin TRIMING da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014 domin gyaran Bakolori da wasu madatsu tare da ɗora kula da ruwa a kan ƙungiyoyin masu amfani da shi, kowane taimako ta ƙofar jeri yake shigowa. Jerin kuwa ba ya zama wuri ɗaya. Wani ya rasu 'ya'ya sun gaji gona, wani ya ba da jingina, wani ya sake layin waya, wani ya gudu Mafara saboda 'yan bindiga. Kullum ana gyara. A wajen gyaran ne ake yin ɓarna.

Ga yadda abin yake aiki. Akawu ya buɗe shafi, rumbu ya aiko masa da kwafin jerin, burauzarsa ta shimfiɗa shi layi-layi. Ya gyara abin da zai gyara, ya danna maɓallin aikawa. Burauza ta tattara abin da ke cikin kowane gurbi, ta haɗa shi da sunan gurbin, ta tura. Abin da ya isa rumbu tarin sunayen gurabe ne da abin da ke cikinsu, shi ke nan. Rumbu bai ga allon akawu ba, bai san me ya taɓa da me ya bari ba, bai san niyyarsa ba. In sunan wata bazawara da ke noman rani a Bakura yana cikin tsohon jeri amma bai zo cikin saƙon ba, rumbu yana da fassara biyu: ko an cire ta da gangan, ko kuma layinta bai iso ba. Manhajar da aka gina a kan "share tsoho, ɗora sabo" ta riga ta zaɓi fassarar farko tun kafin a tambaye ta. A wurinta shiru hukunci ne.

Hanyoyin da layi ke bi ya kasa isowa kuwa suna da yawa, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ke ɓoye ga mai sana'ar.

Mafi muni a cikinsu ita ce yankewa. Harshen PHP, wanda aka gina ɗimbin shafukan duniya da shi, yana da iyaka a kan yawan guraben da zai karɓa a saƙo ɗaya. Tun daga zubin 5.3.9 da ya fito a Janairun 2012, iyakar da yake zuwa da ita 1,000 ce. Da kyakkyawan dalili aka sa ta: a ƙarshen 2011, a wani taron masana tsaron kwamfuta a Balin, an nuna yadda mutum ɗaya zai durƙusar da rumbu ta hanyar cika shi da dubban gurabe da aka tsara domin su wahalar da shi. Sai dai in saƙo ya wuce iyakar, PHP ba ya mayar da shi. Yakan karɓi dubun farko, ya watsar da sauran, ya rubuta gargaɗi a wani kundi da mai kula da rumbu kaɗai ke iya gani, in ma yana dubawa. Yanzu a yi lissafi. A ce kowane manomi yana da gurabe takwas: suna, lambar waya, lambar ɗan ƙasa, mazaɓa, lambar gona, faɗinta, abin da yake shukawa, da buhunan da zai karɓa. Dubu a raba takwas, 125. Ƙungiyar da ke da manoma 300, in sakatarenta ya gyara harafi ɗaya a sunan mutum na biyu ya aika, mutum 125 ne za su isa, 175 su zube. Allon zai nuna masa koren rubutu cewa an adana. Masu amfani da WordPress sun shafe shekaru suna kukan wannan matsala, dogayen jerin shafukansu suna gutsurewa daga ƙasa duk lokacin da suka adana. Su abin da suka rasa mahaɗan shafi ne, suka sake bugawa.

Kada a ce wannan ciwon ƙananan kamfanoni ne. A kaka ta 2020, hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta bar sakamakon mutum 15,841 da gwaji ya nuna suna ɗauke da korona bai shiga ƙidaya a kan lokaci ba, tsakanin 25 ga Satumba da 2 ga Oktoba, domin an zuba bayanan a tsohon samfurin Excel wanda ba ya ɗaukar fiye da layi 65,536. Abin da ya wuce iyaka ya faɗi ba tare da ƙara ba. Bambancin shi ne can an gano cikin kwanaki, ministan lafiya ya tsaya gaban majalisa ya yi bayani.

Sai batun ɗan akwatin da ake sa wa alamar amincewa. Tun ƙa'idar HTML ta 1995, akwatin da ba a sa wa alama ba burauza ba ta aika shi ko kaɗan, haka ma gurbin da aka kulle. Ba ta cewa "a'a", shiru take yi. Saboda haka "an cire wa wannan alama" da "wannan bai bayyana a shafin ba" kamanninsu ɗaya a idon rumbu. In jerin ya kasu shafi-shafi, hamsin-hamsin, akawu yana shafi na uku, manhajar da aka rubuta da gaggawa za ta iya ɗauka cewa duk wanda bai zo da alama ba an soke shi, har da mutanen shafi na ɗaya da na biyu da bai ko kalla ba.

Akwai kuma lambar layi. Fom da yawa suna yi wa gurabe suna da matsayinsu: na 0, na 1, na 2, haka har ƙarshe. A tsarin ASP.NET MVC na Microsoft, in aka bi hanyar da ya saba, lambobin dole su jeru ba giɓi. Akawu ya cire layi na 40 a kan allo, saƙo ya tafi da 39 sannan 41, tsarin ya karanta har 39 ya ga babu 40, ya ɗauka jerin ya ƙare. An yi niyyar cire mutum ɗaya, an cire duk wanda ke bayansa. Ko babu giɓi, matsayi ba shaida ba ne. In wani ya ƙara suna a sama tsakanin buɗewa da aikawa, layi na 17 ya zama na wani, gyaran da aka yi wa gonar wannan ya sauka a kan gonar maƙwabcinsa. Wanda kuma ya ce zai gane mutane da sunansu, to ya fara ƙirga masu suna Sani Abubakar a kasuwar Mafara ranar Talata.

Na bar wadda ta fi dacewa da yankinmu zuwa ƙarshe. Mutum biyu suna riƙe da kwafin jeri ɗaya. Malamin gona a Maradun ya buɗe da safe, sabis ya ɗauke, ya ci gaba da aikinsa. Da rana wata ma'aikaciya a ofis ta shigar da mata goma sha biyu da aka manta da su, ta adana. Da yamma sabis ya dawo, malamin gona ya aika nasa kwafin na safe, wanda bai san da matan ba. Rumbu ya share, ya ɗora. Matan sun shiga da azahar sun fita da magariba, kuma in an tambayi ma'aikatan biyu kowanne zai rantse da gaskiyarsa. A birnin da intanet ba ya yankewa, tazarar buɗewa da aikawa mintuna ce. A nan takan kai kwanaki. A Satumban 2021 an rufe layukan waya a faɗin Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka shafe makonni da dama a haka. Duk wanda ya tara gyare-gyare a wayarsa a wancan lokaci, tsohon kwafi ne a hannunsa ranar da aka buɗe. Manhajar da aka rubuta a Abuja ko Legas da tunanin cewa mai aikawa na ƙarshe shi ke da gaskiya, ba don mu aka rubuta ta ba, ko da kuwa da sunanmu aka karɓi kuɗinta.

Maganin wannan ya girmi yawancin masu rubuta manhajar. Ƙa'idar HTTP ta ƙarshen shekarun 1990 ta riga ta tanadi yadda mai aikawa zai ce "ka karɓi gyarana in har jerin bai canza ba tun da na ɗauka", in ya canza rumbu ya ƙi, ya mayar da lamba 412. Wikipedia, har da ta Hausa, tana tsayar da mai gyara in wani ya riga shi taɓa wurin, kuma tana ajiye kowane gyara da sunan mai shi da lokacinsa. Maƙala a kan ɗan wasan ƙwallo tana da wannan kariya kyauta. Ban ga hujjar da za ta sa jerin masu karɓar taki ya rasa ta ba.

Kowa a Mafara ya san tsarin da ya dace, domin kullum yana amfani da shi a wurin mai POS. Banki ba ya yarda wani ya aiko masa da cewa "asusun wane yanzu naira dubu arba'in ne". Abin da yake karɓa shi ne "a cire dubu biyar daga nan a sa can", da lambar ciniki, da lokaci, da rasit. In saƙon ya zo sau biyu saboda an danna sau biyu, lambar cinikin ce ke tona shi. In an yi kuskure ba a kankare layin, sabon layi ake rubutawa na mayarwa. Abin da ke cikin asusu sakamakon lissafin layukan ne. Haka tsohon littafin akawu yake: in za a cire suna sai a ja masa layi, a sa hannu a gefe, sunan yana nan ana karanta shi a ƙarƙashin jan layin, kuma takardar da aka yage tana barin gurbi. Mun bar littafi mun koma kwamfuta da sunan gaskiya da riƙon amana, sai muka ɗauko kwamfutar da ta fi littafin iya ɓoye sawu.

Abin da nake nema a gina bai fi haka ba. Fom ya aika ayyuka maimakon jeri: a ƙara wannan, a canza lambar wayar wancan daga kaza zuwa kaza, a cire wane saboda kaza. Kowane mutum da lambarsa ta dindindin wadda ba ta bin matsayinsa a shafi. Kowane gyara ya zo da lambar zubin da aka gina shi a kai. Wanda saƙo bai ambata ba a bar shi yadda yake. Cirewa ta zama aiki mai zaman kansa, da dalili da sunan mai cirewa, kuma layin ya tsaya a rumbu da alamar an cire. Fom ya faɗi adadin layukan da ya aiko, rumbu ya ƙirga, in ba su yi daidai ba ya ƙi karɓar ko ɗaya. Sannan rumbu kada ya gaskata fom a kan abin da bai ba shi iko a kai ba. A Maris ɗin 2012 wani matashi, Egor Homakov, ya cusa gurbin da ba a tanada ba cikin wani fom na GitHub, rumbu ya karɓa ba tambaya, ya samu ikon rubutu a ma'ajiyar Rails kanta. In haka ta faru da gidan da manyan magina manhaja ke ajiye aikinsu, to gurbin "yawan buhuna" da aka ɓoye a fom ba ɓoyayye ba ne ga yaron shagon intanet da ya san inda ake dannawa.

Mai karatu zai iya cewa ina neman a yi wa jerin ƙauye gatan da ya fi ƙarfinsa. To, a dubi yadda manya ke kula da nasu jerin. Waɗannan ƙananan hukumomi uku kowacce ta haifi gwamna: Ahmad Sani Yariman Bakura, Abdul'aziz Yari na Talata Mafara, Bello Matawalle na Maradun. Na ukun ta dalilin jerin sunaye ya hau. A Oktoban 2018 hukumar zaɓe ta INEC ta ce ba za ta karɓi 'yan takarar APC na Zamfara ba, domin jam'iyyar ba ta gudanar da zaɓen fid da gwani kafin wa'adin 7 ga Oktoba ba. Aka shiga kotuna, aka samu hukunce-hukunce masu karo da juna, sunayen suka hau takardar ƙuri'a, APC ta lashe komai. Ranar 24 ga Mayun 2019 Kotun Ƙoli ta ce ƙuri'un nan asara ne. Mukhtar Idris da ya samu 534,541 ya koma gida, Matawalle mai 189,452 ya sha rantsuwa, kujerun majalisar dattawa uku da na wakilai bakwai da na jiha 24 duk suka suɓuce wa APC. Ko mutum ya ji daɗin hukuncin ko bai ji ba, abin lura shi ne kotu ta sami abin dubawa. Akwai wasiƙu masu kwanan wata, akwai wa'adi, akwai wanda doka ta ba ikon miƙa jeri. Daga 2020 INEC ta mayar da miƙa sunayen zuwa shafin intanet, da lambar shiga da ake damƙa wa shugabannin jam'iyya na ƙasa. Dokar Zaɓe ta 2022 kuma ta hana sauya ɗan takarar da aka miƙa sai in ya rasu ko ya janye, janyewar ma a rubuce da hannunsa. Wato in jerin na 'yan siyasa ne, mun san cewa ɓacewar suna sai da dalili da sa hannu. Ilimin yana nan. Ga manomi ne ake ganin bai kai a wahala ba.

Za a ce tsada. Ban yarda ba. Lambar zubi gurbi ɗaya ce a rumbu da sharaɗi ɗaya a rubutun manhaja. Kundin tarihin gyara tebur ɗaya ne. Ɗalibin da ya gama difloma a Kwalejin Abdu Gusau da ke Mafara zai iya rubuta su cikin mako guda in an koya masa cewa suna da muhimmanci. Abin da ke da tsada shi ne sake rajista daga farko duk lokacin da aka daina yarda da jeri, da motoci da alawus da sabuwar kwangila. A Yulin 2023 majalisar tattalin arziki ta ƙasa, wadda gwamnoni ke ciki, ta ce ba ta gamsu da rajistar talakawa ta ƙasa ba, jihohi su haɗa nasu. Sabon jeri yana nufin sabon fom da sabon ɗan kwangila, kuma ina zargin akwai waɗanda wannan zagaye bai dame su ba.

Za a kuma ce, kuma wannan ce hujja mafi ƙarfi, matsalarmu mutane ce. Kansila ko mai unguwa ko shugaban ƙungiya da ke son cusa 'yan gidansa zai cusa su ko wace irin manhaja aka kawo. Haka ne. Kundin tarihi ba ya sa mutum ya ji tsoron Allah. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Manhajar da ke zubar da sunaye da kanta ita ce babbar rigar mai cire sunaye da gangan, domin muddin kowa ya san na'urar tana ɓatar da mutane, duk wanda aka cire da mugunta za a ce na'ura ce. Akawun kirki kuma ba shi da abin wanke kansa, ana zaginsa a majalisa a kan laifin da bai yi ba. In cirewa sai da suna da dalili, mai son yin ta dole ya sa hannu, ko ya nemo wanda zai sa masa, kuma wannan na biyun zai tambayi kansa ko ya shirya ɗaukar nauyin. Ba duka za a hana ba. Za a dai raba kuskure da ha'inci, waɗanda a yau suke kwance a tabarma ɗaya.

Akwai masu ba da shawarar a riƙa liƙa jerin gaba ɗaya a bangon sakatariya ko a watsa shi a WhatsApp domin kowa ya duba. A wani wuri da na goyi baya. A Maradun da ƙauyukan Bakura, inda 'yan bindiga ke ɗora wa manoma haraji kafin shuka da kafin girbi, takardar da ke nuna sunan mutum da lambar wayarsa da faɗin gonarsa da bashin da ya karɓa jagora ce ga mai garkuwa. Bayyana gaskiya a nan sai ta bi ta kan mutum ɗaya-ɗaya: saƙon tes zuwa wayarsa, da Hausa, duk lokacin da aka taɓa layinsa, yana gaya masa abin da aka canza da lambar da zai kai ƙorafi da ita. Wanda ba shi da waya a ba shi ɗan rasit mai lamba ranar rajista. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta ba kowane ɗan ƙasa 'yancin ganin bayanan da aka ajiye a kansa da neman a gyara kuskure. Hukumar da manhajarta ba ta iya faɗin yaushe suna ya fita ko wa ya fitar da shi, ban san da me za ta amsa irin wannan buƙata ba ranar da wani lauya ya kawo ta.

Shugaban hukuma ko na ƙungiya ba sai ya iya rubuta manhaja ba kafin ya kama wannan. Kafin a biya ɗan kwangila kuɗin ƙarshe, a zaunar da shi a ofis da wayoyi biyu da jerin gwaji mai suna 300. A gyara harafi ɗaya a aika, a ƙirga ko 300 ɗin suna nan. A cire na tsakiya, a duba ko na bayansa sun tsira. A buɗe jerin a wayoyin biyu, a ƙara suna a ta farko a adana, sannan a aika daga ta biyu, a ga ko za ta yi gargaɗi ko za ta haɗiye sabon sunan. A kashe data ana tsakiyar aikawa, a kunna, a sake dannawa, a duba ko wani ya zama biyu. Daga nan a nuna masa layin da aka cire, a ce ya fito da sunan wanda ya cire shi da ƙarfe nawa. Duka ba zai ci awa ɗaya ba, kuma ya kamata a yi shi a Bakura ko Maradun, a kan sabis ɗin da malamin gona zai yi aiki da shi, kafin a buɗe ruwan noman rani.